Gallabat, Zangon Gindin Duwatsu

Jawabin ofishin magatakarda a taron cika shekarar ƙungiya, Alsawra, Umdurman

 



Kwamitin shirya taro ya ɗora wa ofishin magatakarda nauyin yin magana a kan ƙasa guda daga cikin ƙasashen da kayanmu ke bi. Mun zaɓi Gallabat, kuma kowa a nan ya san dalili. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, hanyar yamma da yawancinmu muka gada, ta Niyala da Zalinji da Jinaina zuwa Adre ta Chadi, ta fita daga hannun ɗan kasuwar Umdurman. Duk wanda ya leƙo ofis a watannin nan maganarsa ɗaya ce, a juya gabas. Wasu har sun kawo shawarar a kwashi abin da ya rage a asusun ƙungiya a zuba shi a hanyar Habasha. A cikin asusun nan akwai kuɗin da muke kai wa iyalan waɗanda suka riga mu. Saboda haka kafin a ɗaga hannu a kan wannan shawara, ya kamata a san ƙasar da ake shirin kai kuɗin.

Bari mu fara da tafiyar kanta. Wanda ya tashi daga Khartum ya bi ta Madani da Fau, zai ci kilomita wajen 410 kafin ya shiga Gadarif. Duk wannan tafiya fili ne shimfiɗaɗɗe, sai ɗaiɗaikun duwatsu irin na Fau da ke tsaye kamar an manta da su. Daga Gadarif hanya ta karkata kudu maso gabas, ta bi ta Doka, kilomita wajen 155 zuwa bakin iyaka. A nan ne ƙasa ke canza hali. Baƙar lakar nan ta Gadarif, mai tsagewa da rani har ƙafar jaki ta shige, tana nan, amma sai ta fara hawa da sauka. Tuddai su fito, baƙaƙen duwatsu su fito, ƙoramu su yanka hanya, itatuwa su yi yawa, ɗakwara mai ba da ƙaro da aduwa da farar ƙaya. Wannan doron tudu da ya miƙe daga Gadarif zuwa Gallabat shi ke raba ruwan sama gida biyu. Wanda ya gangara gabas ya faɗa kogin Atbara, wanda ya gangara yamma ya faɗa kogin Rahad, wanda ke haɗuwa da Shuɗin Nilu kusa da Madani. Kogunan nan biyu duk daga duwatsun Habasha suke saukowa. A can ana kiran Atbara Guwang, Rahad kuma Shinfa. A tsarin mulki na yanzu ƙasar tana cikin wilayar Gadarif, an raba ta mahalliyoyi, akwai Gallabat ta Gabas, akwai Gallabat ta Yamma, akwai Basunda. Arewa da su Fashaga ce, wadda za mu komo gare ta.

Garin Gallabat kansa ƙarami ne, yana jingine da tudu. Ƙorama ce kawai ta raba shi da Matamma ta Habasha, da gada a kanta. Tsayin wurin daga doron teku mita wajen 700 ne, Khartum kuwa ba ta kai 400 ba. Amma daga Matamma in ka ci gaba kilomita wajen 190, ka hau ta Aikel, ka isa Gondar, ka haye mita 2,100. Arewa maso gabas da Gondar ga duwatsun Simen, inda ƙololuwar Ras Dashen ta wuce mita 4,500. Wato Gallabat ita ce matakala ta farko. Mutum yana tsaye yana share gumi, yana hango inda ake kwana da bargo.

A cikin wannan bambancin tsawo asirin kasuwar yake. Abin da tudu ke fitarwa kwari ba ya fitarwa. Daga sama ake sauko da gahawa da zuma da kakin zuma da fatu da tafarnuwa da kayan yaji. Daga ƙasa ake hawa da auduga, wadda masaƙan Habasha ba sa rabuwa da ita, da yadi da kayan da suka fito daga Masar. Mutumin tudu yana tsoron zazzaɓin kwari, ba ya son ya kwana da yawa a ƙasa. Raƙumin Butana kuma ba ya hawan dutse, dole a wannan yanki ya ajiye kaya a ɗora wa jaki da alfadari. Inda duk ake sauke kaya a sake ɗauri, nan ake bukatar mai masauki da dillali da tafinta da mai awo. Mu da muka tashi a zango ba sai an yi mana bayanin wannan ba.

To wa ya riƙe wannan aiki? A ƙarni na 18 wasu alhazai mutanen yamma, masu zuwa Makka da masu komowa, suka ga wurin ya dace da zango, suka zauna. Larabawa suna kiransu Takarir, sunan nan na Takari da har yau ake kiranmu da shi a Hijaz. A lokacin ƙasar ana ce mata Ras al-Fil, wato kan giwa. Bature ɗan Sikotilan, James Bruce, ya ratsa ta a 1772 yana kan hanyarsa daga Gondar zuwa Sinnar.

A nan muna roƙon samarinmu su saurara da kyau, don mun ga abin da ake yaɗawa a WhatsApp cewa Hausawa ne suka kafa Gallabat. Maganar tana da daɗin ji, amma an ƙara mata gishiri. Tushen Takarir na Gallabat mutanen Darfur ne, sannan aka yi ta samun na Wadai da Borno da ƙasar Hausa da Fulani suna shigowa, hanyar hajji tana zuba su a wuri ɗaya. Sunan Takarir ya lulluɓe su duka. Muna da kaso a ciki, amma gidan na tarayya ne. Wanda ya je mahawara da maganar da aka kumbura, rana ɗaya mai karatu zai fasa masa ita a bainar jama'a, ya rasa har gaskiyar da ke hannunsa. Gaskiyar kuwa ta isa: mutanen yamma suna da gari da shehe da kasuwa a gabashin Sudan tun kafin sojojin Muhammadu Ali su shigo a 1821, tun kafin Khartum ta zama birni. Duk wanda ya ce mana baƙi a teburin neman lambar ɗan ƙasa, wannan amsar ta wadatar.

Yadda shehunan Takarir suka riƙe garin shi ne abin da ya fi jan hankalinmu. Ba su da rundunar da za ta iya da sarkin Habasha, ba su da wadda za ta iya da Turkawan Masar. Abin da suke da shi kasuwa ce da kowane ɓangare ke ci daga gare ta. Lokacin da Samuel Baker ya sauka garin a 1862, Shehu Juma ne ke kan kujera, kuma a zamaninsa garin yana biyan haraji gida biyu, ga Sarki Tewodros can sama, ga gwamnatin Masar nan ƙasa. Mai kallo daga nesa zai ce wulaƙanci ne. Ɗan kasuwa ya san kuɗin fito ne, ana biya a haye. Ana ciniki da riyalin azurfa na Mariya Tereza, wanda tudu da kwari duk suka yarda da shi. Kuma kada mu ɓoye, a kasuwar nan an sayar da mutane. Bayi, yawancinsu 'yan mata da yara da aka kamo daga kudancin Habasha, suna cikin manyan hajojin Gallabat, kuma wani ɓangare na arzikin garin daga nan ya fito. In za mu yi alfahari da zangon, sai mu ɗauke shi da wannan tabon.

Wannan zama na tsaka-tsaki ya ƙare da zuwan Mahadiyya, don a lokacin babu sauran wurin tsayawa a tsakiya. Shehun Takarir na lokacin, Salih Shanga, ya tsaya tare da gwamnatin Masar. A yarjejeniyar da aka ƙulla a Adwa a watan Yuni 1884, Sarki Yohannes na Huɗu ya ɗauki alkawarin fitar da sojojin Masar da aka tsare a garuruwan iyaka, aka kuwa kwashe na Gallabat a farkon 1885 ta cikin Habasha. Salih Shanga da mutanensa suka koma can ɓangaren. Ansar suka shiga garin. A watan Janairu 1887 Tekle Haimanot, sarkin Gojjam, ya auka wa Gallabat, aka kashe amir ɗinta Muhammadu wad Arbab. Halifa Abdullahi ya tura runduna daga nan Umdurman. Hamdan Abu Anja ya hau duwatsu a watan Janairu 1888, ya karya rundunar Gojjam, ya shiga Gondar aka ƙone majami'u da dama. Ya rasu a Gallabat bayan shekara guda, Zaki Tamal ya gaje shi, ya kewaye garin da shinge mai ƙarfi. Ranar 9 ga Maris, 1889, Yohannes da kansa ya sauko da dubun-dubatar mayaƙa. Habashawa sun riga sun fasa shingen, nasara tana hannunsu, sai harsashi ya sami sarki. Ya cika washegari, rundunarsa ta watse. Ansar suka bi su suka ƙwace gawar, aka kawo kansa wannan gari da muke zaune. Shi ya sa har yau Habashawa ke kiran garinsu na bakin gada Matamma Yohannes, kuma ɗan kasuwarmu da ya haye can ya kiyaye harshensa a kan wannan labari.

Littattafan makaranta suna tsayawa a kan wanda ya ci yaƙin. Mu abin da ya dame mu shi ne wanda ya ci kasuwar, kuma babu wanda ya ci ta. Garin ciniki ya koma sansanin soja, sojoji suka cinye abin da ke karkara. Shekarar ta zo daidai da yunwar 1306 ta Hijira, wadda 'yan Sudan ke kira Sanat Sitta, a can tudu kuma annobar shanu da yunwa suka yi shekaru suna kashe mutane. Da aka yi yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba, 1898, a bayan unguwar nan tamu, mulki ya koma hannun Ingila da Masar, kasuwar ta farfaɗo, amma ba ta koma yadda take ba. Yarjejeniyar 15 ga Mayu, 1902, tsakanin Ingila da Sarki Menelik ta shata iyaka, Manjo Gwynn ya bi ya kafa alamomi a 1903, ƙoramar nan ta zama layi. Yarjejeniyar guda ita ta ba Ingila tashar ciniki a Gambela, gahawa mai yawa ta koma bin jirgin ruwa ta kogin Baro da Sobat. A 1917 jirgin ƙasa daga Jibuti ya isa Addis Ababa, ya janye sauran. Duwatsun suna nan inda suke, amma kaya sun sami wasu ƙofofi.

A shekarar da Gwynn ke kafa duwatsun iyaka, a can yamma aka yi Burmi, watan Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, ya zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa. Daga nan ne zuwan mutanenmu ya yi ƙarfi sosai. Kakannin da yawa daga cikinmu a wannan ayari ko a bayansa suka iso. Suka yi aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, suka bazu bakin Rahad da Dindir da Atbara suna noman gaɓa da kamun kifi. Jirgin ƙasa ya shiga Gadarif a 1928. A shekarun 1940 aka fara noman tarakta a Gadambaliya, ƙasar ta zama rumbun dawa da riɗin Sudan, kuma hannun da ya yanke riɗin nan da yawa namu ne. Don haka wanda ya je Gallabat a yau zai tarar da ƙauyuka da ake jin Hausa a bakin kogunan nan, da dangin da za su sauke shi. Wannan jari ne da ba a rubuta shi a littafin asusu.

Yaƙi ya sake komowa garin a 1940. Sojojin Italiya da ke riƙe da Habasha suka kama ganuwar Gallabat a watan Yuli. Ranar 6 ga Nuwamba Birgediya William Slim ya kawo hari da sojojin Indiya da na Ingila, ya karɓi ganuwar, amma ya kasa haye ƙoramar zuwa Matamma, sai a farkon 1941 Italiyawa suka janye. Ba za mu daɗe a nan ba, labarin irin na baya ne.

Zamanin da yawancinmu muka sani shi ne na kwalta. Da aka shimfiɗa titi daga Gadarif zuwa iyaka, aka haɗa shi da na Gondar, sai tankokin mai na Sudan suka fara hawa, motocin gahawa da wake da tafarnuwa da citta suka fara saukowa, albasa da sabulu da kayan roba suna hayewa. A ƙarshen 2013 aka ƙaddamar da layin lantarki da ya haɗa ƙasashen biyu ta wannan hanya. Kowace kaka dubban leburorin Habasha suna saukowa yankan riɗi. Mutane suka ɗauka an gama da rufe gada. Sai ga Nuwamba 2020, yaƙin Tigrai ya tashi, 'yan gudun hijira suka cika sansanin Um Rakuba kusa da Doka, sojojin Sudan suka shiga gonakin Fashaga da manoman Amhara suka daɗe suna nomawa, tsohuwar gardamar layin Gwynn ta farka. A watan Yuni 2022 aka rufe mashigar bayan kisan sojojin Sudan bakwai da farar hula ɗaya. A 2023 gadar ta zama hanyar tsira ga dubban mutanen Khartum, cikinsu har da iyalan wasu da ke zaune a nan. A watan Satumba 2024 aka sake rufe ta da mayaƙan Fano suka shiga Matamma. Ku lissafa da kanku sau nawa ke nan cikin shekara huɗu. Kuma duk ranar da aka rufe, ba a yi wa mai buhun albasa sallama.

Ga yadda ofis ke ganin lamarin. Hanyar gabas hanya ce ta gaske, ƙasa ce ta yi ta, kuma duk sanda aka ƙone kasuwar tana sake tsirowa. Amma ba lallai ta tsiro a hannun wanda ya riƙe ta jiya ba. Takarir sun ci moriyarta muddin suna zaune a wurin, an san su sama da ƙasa, suna biyan kowa haƙƙinsa. Ranar da aka tilasta musu zaɓen ɓangare suka rasa ta. Mu kuwa daga Alsawra muke, tafiyar fiye da kilomita 550, ba mu da rumfa a can, ba mu da sito, yawancinmu ko gaisuwa da Amharanci ba mu iya ba. Wanda ke wannan hali ba ya shiga da uwar kuɗi gaba ɗaya.

Sannan akwai abubuwan da ƙasar kanta ke shar'antawa. Ruwan Gallabat ya fi na Gadarif yawa nesa ba kusa ba, kuma daga Yuni zuwa Oktoba duk motar da ta sauka daga kwalta ta shiga baƙar lakar nan, sai tarakta. Kuɗi suna shigowa hannun mutane ne da yankan riɗi a Oktoba da Nuwamba, sannan girbin dawa ya biyo, wanda ya kai kaya kafin nan bashi zai bayar. A dazukan farar ƙaya da aduwa na bakin Rahad da Atbara akwai ɗan ƙaramin ƙwaro mai cizo da dare, shi ke kawo ciwon kala'azar. Wanda ya dawo daga can da zazzaɓin da ya wuce mako biyu, yana ramewa, saifa ta kumbura, kada ya tsaya shan maganin maleriya, ya je asibiti ya faɗi inda ya fito. Ciwon yana da magani, amma in an bar shi yana kisa. A cikin duwatsun iyaka kuma akwai 'yan fashin da ake kira shifta, masu kama mutum su nemi fansa, kuma abincinsu shi ne wanda ya bar gada ya bi ƙorama da dare don gudun kwastan. Fasa-ƙwauri a wannan iyaka ba kaya kaɗai yake ci ba. Wanda ya haye kuma ya tuna agogonsu daban ne, daga fitowar rana suke fara ƙirga, in an ce maka ƙarfe biyu na safe, takwas ake nufi a agogon Turawa. Shekararsu wata goma sha uku ce, tana farawa a Satumba, don haka duk takardar bashi a rubuta kwanan wata iri biyu, da fam da bir kowanne a fili.

Shawarar da ofis zai gabatar wa babban taro bayan sallar la'asar guda ce. Kada a taɓa kuɗin iyalan mamata. A tura mutum huɗu da ke da cikakkun takardu, cikinsu a sami dattijo ɗaya mai dangi a Doka ko a ƙauyukan Rahad, su tafi da jarin kansu a farkon kaka, su zauna har a gama girbin dawa. Su nemo mana amintaccen fatoma a Gallabat da dillali a Matamma, su rubuto abin da ake biya a kan kowane buhu daga Gadarif har gada, da kwanakin da mota ke yi a layi. In sun dawo a karanta rahotonsu a gaban kowa, sannan a yi maganar asusu. Wanda ya ga ba zai iya jira ba, ƙungiya ba ta hana kowa neman halalinsa, amma ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da ranar tashinsa a ofis, don in gada ta rufe yana can mu san inda za mu neme shi. Littafin rajista yana kan teburin bakin ƙofa, kuma hajiyoyinmu masu sarin gahawa da kayan yaji, ku ma akwai shafinku a ciki.